Mai Buɗe Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Baffa Nomau
yana murza ƙarfen ƙofar ruwa a arewa da Sinnar.
In ya ce wa ruwa tafi, sai ya nufi gonakin auduga,
in ya ce tsaya, sai ya kwanta a gabansa kamar ɗan maraƙi.

Yau ga shi a bakin ɗakinsa a Mai Wurno,
taku uku tsakaninsa da buta.
Ladan ya kira, an ta da iƙama,
ƙafa ta ƙi.
Ba ciwo take ba, ba ta kumbura ba.
Ya ce min, "Tasalla, na aika mata,
ɗan aiken ne ya ɓata a hanya."

Hannun dama kuwa shagalinsa yake shi kaɗai,
babban yatsa na murza manuni
kamar mai jan carbin da ba kowa ke gani ba.
Jabana ta tsallake bakin finjali
ta ɗiga a jallabiyar da na wanke jiya.

A asibitin Wad Madani, Dakta Ikhlas
da ta ji aikinsa na da, sai ta juya takardar magani,
ta zana babbar magudana, ta fitar mata da 'ya'ya,
'ya'yan ma ta ba su nasu.
Ta ce, "Haka cikin kanka yake, Alhaji.
Niyya daga sama take tasowa,
amma kafin ta zama taku
sai ta ratsa wasu ƙofofi can cikin tsakiya:
wata ta buɗe wa motsin da kake so,
wata ta danne dubun da ba ka nema ba.
A ƙeya kuma akwai mai awo,
shi ke cewa ya isa, ko ƙara kaɗan.
Ruwanka na nan, gonarka na nan.
Man da ke sa ƙofa juyawa ne ya ja baya,
masu tatso shi sun daɗe suna raguwa ba wanda ya ji."

Baffa ya dubi zanen, ya daɗe.
Ya ɗora yatsa mai rawa a kan wata mahaɗa:
"In nan ta cije, mukan fasa ta gefe."
Ta ce, "Mu ma."

Shi ya sa tsakar gidanmu ta zama allo.
Kowace safiya ina jan layi da gawayi
daga angarib zuwa gindin dalbejiya,
layi, tazara, layi.
Ba na ce masa yi tafiya.
Cewa nake, tsallake wannan.
Ido ya karɓi saƙon da tsohuwar hanya ta yar,
ya zaga da shi ta bayan gari,
sai ka ga ƙafa ta ɗagu kamar ba ita ba.
Wani lokacin tafi nake masa, ɗaya, biyu,
kunne ma ashe yana da tasa magudanar.

Akwai ranakun da ƙwayar ke sakinsa tun kafin la'asar,
fuskarsa ta daskare, murya ta koma zare.
Akwai watan da muka nemi maganin har Sinja, babu.
Ban iya zana wa wannan layi ba.

Mujtaba, ɗana, wata goma sha ɗaya,
nasa hanyoyin yanzu ake haƙa su,
ruwa na malala ko'ina, ba ƙofa ba mai gadi.
Ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya zube, ya yi dariya.
Shekaranjiya na fito da kisra a faifai
na tarar da su a kan gawayina,
ƙaramin ya riƙe gefen jallabiya,
babban yana ƙirga wa kansa a hankali.
Ban san wa ke riƙe da wa ba.

Yaron ya goge layi na huɗu da gwiwa.
Baffa ya tsaya cak a inda layin yake da,
ya dubi ƙasa, ya dube ni.
Na ajiye faifan, na koma madafa neman gawayi.